Kwana Uku Ina Malamin Haya a Zuru

Tun da na dawo daga Zuru ban huta ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Jega, duk wanda ya zauna sai ya tambaye ni yaya Zuru, an samu aikin ko ba a samu ba. Na gaji da cewa sai a hankali. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina lafiya.

Ina da digiri a Turanci, shekara shida ke nan yana kwance cikin jaka, ni kuma ina bin gidajen mutane ina koya wa 'ya'yansu darasin yamma. Wani abokina da muka yi jami'a tare ne ya ba wani mai makarantar kuɗi a Zuru lambata. Mutumin ya kira ni, muryarsa kamar mun shekara goma da sanin juna, ya ce kowa Darakta yake ce masa. Wai yana neman shugaban sashen Turanci, da ɗaki da abinci, in zo ranar Laraba a yi intabiyu, kuma in taho da satifiket ɗina na asali, ba fotokwafi ba. Na gaya masa ranar Litinin mai zuwa ina da tantancewar ɗaukar malaman gwamnati a Birnin Kebbi, ƙarfe takwas na safe, kuma can wanda bai zo da na asali ba ko ƙofa ba a barinsa ya shiga. Ya ce haba Malam Nasiru, kwana ɗaya ne, ranar Alhamis kana gida. Sau uku ina zuwa irin wannan tantancewar ba a ɗauke ni ba, don haka na ce bari in gwada Zuru ma, in riƙe duka biyun.

Na tashi da sassafe, damina ta zauna sosai. Daga Jega zuwa Koko lafiya lau, har da hira. A Koko muka canza mota, muka shiga wata tsohuwar Golf, mu huɗu a baya, biyu a gaba, ni a tsakiyar wani mai sayar da taki da wata tsohuwa mai kwandon kaji. Muna barin gari direba ya kashe rediyo, ya ce kowa ya rage ƙarar wayarsa. Ban gane ba sai da mai taki ya yi mini bayani a kunne: a wannan hanyar ba kwalta ake kallo ba, motocin da ke tahowa daga gaba ake kallo. In suna zuwa, hanya lafiya. In suka ɗauke, to akwai dalili.

Kafin Mahuta suka ɗauke. Direba ya yi ta rage gudu har ya gangara gefe ya tsaya, ya bar injin a kunne, ya juya kan motar ta fuskanci inda muka fito. Hatta kajin nan sun yi tsit, wallahi. Ni dai na rungume jakata a ƙirji ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina tuna cewa da ƙafata na kawo kaina. Mun fi rabin awa a haka, sannan wani ɗan kabu-kabu ya ɓullo, tabo har gwiwa, ya ce tirela ce ta kafe a wani kwalbati ta tare hanya, an samu an ja ta. Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta ɓare gyaɗa ta miƙa wa kowa.

Shingaye kuwa ban ƙirga ba. A wani, wani ɗan sa-kai ya sa muka fito duka, ya ce in buɗe jaka. Ya ga leda biyu a naɗe, ya kai jiƙaƙƙen hannunsa zai zaro takardar digirina. Kun san halina. Na daka masa tsawa na ce kada ya kuskura ya taɓa, shekara huɗu na yi ina shan gari kafin a ba ni ita. Idonsa ya canza, ya gyara riƙon bindigarsa. Tsohuwar nan ce ta shiga tsakani, ta yi masa magana da yarensu, wanda mu muke ce wa Dakarci, su kuma suke kira C'lela. Ban san me ta ce ba, na dai ga ya sunkuyar da kai ya ce mu tafi. A mota ta ce mini cewa ta yi ni ɗanta ne, kuma ba ni da cikakkiyar lafiya.

Wajen Dabai ƙasa ta fara tudu da duwatsu, ba irin shimfiɗaɗɗiyar fadamarmu ba. Na ga samari sun fi ashirin a jere a gona ɗaya, suna noma da waƙa, fartanya na tashi tare tana sauka tare. Mai taki ya ce golmo ke nan, saurayi ya yi shekaru yana yi wa surukai noma shi da abokansa kafin a ba shi mata. Na ce da a Jega ake wannan, da rabin majalisarmu har yau gwagware ne.

Bayan azahar na isa makarantar. Gidan haya ne mai ɗaki biyar, amma allon sunan da ke ƙofa ya kusa kai girman aji guda, sunan ma dogo, har da kalmar nan ta ƙasa-da-ƙasa. An rubuta a bango da jan fenti cewa ba a magana da kowane harshe sai Turanci, wanda aka kama zai yi gwale-gwale a rana. Lokacin tashi na shiga, yara cike da tsakar gida, amma ba hayaniya. Da hannu suke yi wa juna nuni. Turancin ba su da shi, Hausa da Dakarci an hana su, sai suka haƙura da magana gaba ɗaya.

Darakta gajere ne mai fara'a, wayoyi uku a gabansa. An ce ya taɓa aiki a wani ofishin ilimi kafin ya buɗe tasa. Na shirya amsoshin intabiyu tun daga Koko, amma bai tambaye ni ko harafi ɗaya ba. Satifiket kawai ya ce in kawo. Na miƙa masa da hannu biyu, irin ladabin da aka koya mana. Ya ɗaga shi ya haska a taga, ya shafa hatimin da yatsa, ya yi murmushi, ya saka a wani jan fayil, ya jefa a durowa ya murɗa makulli. Na ce ranka ya daɗe, ai gani kawai za ka yi. Ya ce gobe akwai baƙi, masu duba makarantu, za su zo ganin ko ta cancanci a ba ta izinin buɗe sakandare, in sun gani sai in karɓi abina. Na daure, don ban so ya ga kamar ina zarginsa.

Masaukina ɗakin ajiyar kaya ne, an shimfiɗa mini katifa tsakanin kwalaye. Kafin magariba wata malama ta kawo mini abinci, ta ce sunanta Ladi, ita ke koyar da Turanci daga aji uku har shida. Tuwon jar dawa ne da miyar karkashi, mai nauyi, ni da na saba da tuwon shinkafa da kifi. Ta ga ina juya naman da cokali, ta yi dariya ta ce in ci, yayanta ne ya yanka, shi Musulmi ne, ita Kirista, gidansu ɗaya, tukunyarsu ɗaya. Na ji kunya, na ci, kuma tuwon ya yi daɗi.

Ita ta nuna mini abin da ke cikin kwalayen. Littattafai ne, kowanne an manna masa 'yar takarda mai sunan makarantar a bango. Ta ɗaga gefen wata da farce, sai ga sunan wata makaranta a ƙasa, ƙarƙashinta kuma wata. Akwai kwamfuta huɗu ba ko waya ɗaya a jikinsu, ɗaya ma zanzaro ya yi gida a bayanta. Akwai akwatin magani babu magani, da taswirar duniya irin mai zagayen nan, ta tsage ta wajen ƙasa. Malama Ladi ta ce waɗannan su ne ainihin sana'ar Darakta, makarantar rufa-ido ce. Yana sanin ranar da masu duba za su je kowace makaranta tun kafin masu makarantar su sani, sai ya ba su hayar kayan, a jera, baƙi su gani, a kwashe a kai gaba. Ta ce abu ɗaya ya rasa bana, mai digirin Turanci.

Na ce to ai ni aiki na zo nema.

"Malam," ta ce, "kai ma cikin kayan kake."

Da safe Darakta ya kawo mini rajistar zuwan malamai da biro kala uku, ya ce in sa hannu tun daga farkon zango, ina canza biro. Na san ba daidai ba ne. Na dubi aljihun da makullin yake, na sa hannu. Ita kuwa Malama Ladi, shekara shida tana koyarwa a nan amma ba ta ƙarasa kwalejin ilimi ba, sai aka ba ta kasko da murhu aka ce ta zauna bakin ƙofa tana soya awara, kamar mai talla. Ni aka ba ajinta, da darasin da ta shafe mako biyu tana sa yara su haddace.

Baƙi uku suka zo da hantsi, babbansu dattijo mai furfura da tabarau. Yara suka miƙe suka rera gaisuwa da Turanci, murya ɗaya, har da lanƙwasa. Na yi tambayoyin da aka rubuta mini, hannaye suka tashi, amsa ta zo daidai. Sai shaiɗan ya raya mini in yi tambaya guda ta kaina. Na tambayi wata yarinya da Turanci mai sauƙi me ta ci da safe. Ta yi shiru. Ajin duka ya yi shiru, duk suka juya suna kallon taga, inda ake hango Malama Ladi tana juya awara. Darakta ya yi tari ya ce yaran kunyar baƙi suke ji. Dattijon bai ko ɗago daga takardarsa ba. A ɗakin da aka mayar laburare ya tsaya gaban taswirar duniyar nan, ya sa yatsa a tsagar, ya tambayi Darakta har yanzu bai sa an liƙe ta ba tun wancan watan. Suka yi dariya tare.

Duk da haka na yi ta maza. Da na ga dattijon ya keɓe zai yi alwala, na bi shi da buta na zuba masa ruwa, na gaya masa a hankali cewa ni ba malamin nan ba ne, jiya na zo, an riƙe mini satifiket, kuma Litinin ina buƙatarsa. Ya gama wanke ƙafa tukuna.

"Wannan sa hannun da na gani tun farkon zango, na wa ne?"

Na ce nawa ne.

"To ɗana, in na rubuta abin da ka faɗa, kai za a fara kira. Takardarka kuma ta zama shaida, a ajiye ta a ofis har a gama bincike. Na san binciken da aka fara kafin a haifi autata, yanzu tana aji biyu."

Ya karɓi butar ya gode mini. Da za su tafi na ga an saka buhu a bayan motarsu, da kaji a ɗaure, Darakta kuma ya leƙa ta taga ya bar wata ambulan a kan kujera.

Suna ficewa na shiga ofis na ce a ba ni abina. Ya buɗe durowa ya nuna mini, wayam. Wai fayil ya riga ya bi a-kori-kura tare da kwalaye, gobe Juma'a akwai duba a wata makaranta a hanyar Ribah, kuma tunda takardata na can, ai gara ni ma in je in tsaya kusa da ita. Raina ya ɓaci. Na ce masa wannan zalunci ne, na ce zan kai ƙara. Bai yi fushi ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Ya ce in kai, haƙƙina ne, amma in lissafa ko za a saurare mu kafin Litinin. Ya kuma tuna mini cewa ranar Lahadi yawancin direbobin Koko ba sa fita, motar ƙarshe ta Asabar kuwa sha biyun rana take tashi, don ba mai bin hanyar nan in rana ta karkata.

Ranar Juma'a na hau bayan babur muka tafi, ruwa na dukanmu. Makarantar can ta fi wannan lalacewa, rabin rufin aji ɗaya buhuna ne. Ga kwamfutocin nan a jere, ga littattafai da sabuwar takarda a bango, manne bai ma bushe ba. Aka ba ni wata rajistar da biro uku. Baƙin jiya ne suka zo, su ukun. Dattijon ya miƙo mini hannu kamar bai taɓa ganina ba, ya tambaye ni shekara nawa nake koyarwa a nan. Na ce biyu. Ya ce madalla, ya rubuta. Na hango jan fayil ɗin a hannun mai makarantar, na ga gefen satifiket ɗina ya leƙo, ɗigon ruwa ya taɓa shi. Na matsa zan karɓa, ya ce shi daga hannun Darakta ya yi haya, hannun Darakta zai mayar.

Ban iya cin tuwon ranar ba. Malama Ladi ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta ce in yi haƙuri, zai ba ni, ba ya riƙe na kowa har abada, don yana tsoron surutu. Na tambaye ta me ya sa ita take zaune. Ta ce in ta tafi wa zai koya musu. Ta ce in Darakta ya fita, rufe ƙofa take yi ta yi musu bayani da Hausa da Dakarci, a nan ne kawai suke gane wani abu, amma su sittin ne ita ɗaya, kuma ita ma akwai inda Turancinta ya tsaya.

Asabar da safe Darakta ya ce saura abu ɗaya. Ya kira taron iyaye ƙarfe goma, zai gaya musu an ba da izinin sakandare, ya nuna musu sabon malami. In tsaya a gani, shi ke nan, in kama hanya. Taro bai fara ba sai kusan sha ɗaya. Ina zaune a gefensa, idona a kan agogo, jan fayil a kan tebur, tafin hannunsa a kai. Ya yi ta zuba, ya zaro satifiket ɗina ya ɗaga sama, iyaye suka yi tafi, ya mayar ya danne. Aka kawo yara uku suka rera Turancin da suka haddace, wata uwa har da guɗa. Yawancinsu manoma ne da 'yan kasuwa, ba su da yadda za su gane ko abin da yaran ke faɗa yana da ma'ana.

Sha ɗaya da rabi ta wuce aka tashi. Ina miƙewa sai wani dattijo ya matso, rigarsa wankakkiya amma ta sha jiki, yana riƙe da hannun wata yarinya. Ya ce sunansa Malam Ɗanjuma, daga wajen Kanya suke, rashin zaman lafiya ya koro su Zuru, yanzu ƙwadago yake yi a gonakin mutane. Yarinyar Hauwa ce, ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, yana so ta zama nas, an ce masa sai da Turanci. Sa ɗaya ya tsira da shi, ya sayar a makon nan don ya kawo ta nan, amma ya ce ba zai miƙa kuɗin ba sai ya ji daga bakina.

"Malam, ni ban yi boko ba. Ba Darakta nika tambaya ba, kai nika tambaya. Kana nan? Kai za ka karantar min da ɗiya?"

Darakta bai dube ni ba. Wayarsa yake dannawa da hannu ɗaya, ɗayan na kan fayil. Malama Ladi na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Saura minti ashirin mota ta tashi.

"Ina nan, Baba," na ce, "in sha Allahu."

Ya kama hannuna da nasa biyu ya yi ta sa mini albarka, ya ce in ba shi lambata ya riƙa gaishe ni. Na ba shi, ta gaskiya, don a lokacin ko ƙaryar lamba ban iya ƙirƙirowa ba. Suna juyawa wajen teburin biyan kuɗi Darakta ya zaro takardar ya miƙo mini, har da cewa Allah ya ba da sa'a ranar Litinin. Na wuce ta gaban Malama Ladi kaina a ƙasa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ta yi in gaida gida, ni ne malamin haya na uku da ya tafi haka.

Na samu motar direba na ɗaure but. Hanya lafiya lau, ko tsayawa ba mu yi ba har Koko. Litinin ƙarfe bakwai ina kan layi a Birnin Kebbi, aka duba satifiket aka ce ya yi, yanzu sunaye muke jira.

Ina kan layin nan wayata ta yi ƙara, na ga baƙuwar lamba, na san ko wane ne, ban ɗauka ba. Tun daga ranar duk Juma'a sai ya kira bayan an sauko daga masallaci, ni kuma in kifa wayar in bar ta ta gama. Ta makon jiya ina wanka, matata ta ɗauka. Na fito na tarar da ita tsaye da wayar a hannu, tana dubana. Na ce me ya ce, zagi ne ko. Ta ce a'a. Wai Darakta ya gaya musu ina kwance ba lafiya, shi ne yake ta kira ya ji jikina. Ya ce a gaya mini kada in damu da su, in kula da kaina, ya sa an yi mini addu'a a masallacinsu, kuma za su jira har in warke.